Daga Ƙofar Durɓi Zuwa Durɓi Ta Kusheyi A Ƙasa

Mu biyar ne muka yi wannan tafiya, kuma dukanmu 'yan aji ɗaya ne a wata makarantar sakandare ta kwana da ke nan jihar Katsina, wadda muka gama a 1996. Ba zan kama sunan kowa ba, zan dai kira kowane da abin da muka saba kiransa. Akwai Alhaji, mai shagon yadi da shadda a kasuwa, akwai Likita, akwai Dogo, wanda aiki ya kai shi Abuja har ya zama babba a ofishinsu, akwai Malam, wanda yake koyarwa a wata makarantar firamare a ƙasar Mani, sai kuma ni, ma'aikacin gwamnati, wanda tafiyarsa mafi tsawo a rana ita ce daga inda ya ajiye mota zuwa kujerarsa.

Mun daɗe rabonmu da zama mu biyar a tabarma ɗaya, in ba a wurin ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa ba, inda ake gaisawa a tsaitsaye kowa yana duban agogo. Abin da ya rage na zumuncinmu ya koma zauren WhatsApp, wurin barkwanci da addu'o'in Juma'a da gardamar siyasa. A can ne wata rana Dogo ya saka hotunansa tare da abokan aikinsa suna hawan wani dutse a gefen Abuja, kowa da hular rana da sanda a hannu. Alhaji ya ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, domin mai neman abin sawa a bakin salati ba ya zuwa neman wahala a kan dutse. Aka yi ta caccakar juna har dare ya raba, sai Malam, wanda yakan yi wata guda bai ce uffan ba a zauren, ya rubuto layi ɗaya: "Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa mun mayar da tamu kan ɗan yatsa." Babu wanda ya tanka a daren. Washegari da safe Likita ya ce to, a sa rana, a taka.

A wurinmu tafiyar ƙasa larura ce, babu wanda ya gaje ta a matsayin abin shaƙatawa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun yi watanni a hanya da jakunansu saboda riba. Alhazan zamanin da, waɗanda suka ratsa Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu suka yi shekaru kafin su dawo, wasu kuma suka zauna a can har abada, sun yi ne domin sauke farali. Almajiri ya yi gabas neman karatu, ɗan cin rani kuma ya yi kudu neman abin rufin asiri. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma da an tsayar masa da mota da ya shiga. Saboda haka da na je na shaida wa mahaifiyata cewa za mu ƙasar Mani a ƙasa, tambayar da ta fara yi mini ita ce ko motar ce ta lalace. Da na ce mata lafiyar mota ƙalau, sai ta daɗe tana dubana, sannan ta ce mahaifinta ya sha bin wannan hanya da kaya a ka, kuma bai taɓa tara mutane ya ba su labari ba. Ta yi mini addu'a, amma na san abin bai shige ta ba.

Da son samu ne da yamma muka nufa, domin duwatsun da suka isa a hau suna wajen Batsari da Safana da Dutsin-Ma. Sai dai duk wanda yake zaune a Katsina ya san halin da yankin dajin Rugu ya shiga a shekarun nan, kuma babu mai iyalin da zai saɓa jaka ya nufi can da sunan buɗe ido. Malam ne ya kawo shawarar a yi gabas, a je Durɓi ta Kusheyi, makwancin sarakunan Katsina na farko, wadda take kimanin kilomita 32 daga birni. Ƙauyen da yake zaune yana tsakani, in an yi ɗan ratse, don haka za a iya raba tafiyar biyu a kwana a gidansa. Dogo ya raina abin, ya ce ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda babu dutse ko ɗaya ai yawon shan iska ne. Na riƙe wannan maganar tasa, kuma na mayar masa da ita kafin la'asar ɗin ranar farko.

Muka haɗu a Ƙofar Durɓi bayan sallar asuba, wata Asabar a cikin watan Disamba, hunturu ya sauka sosai, hazo kuma ya rufe gari. Ni ne na nace a tashi daga wannan ƙofa, saboda sunanta ya yi daidai da inda za mu, kuma har yau Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani, yana kuma cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Dogo ya zo da wata jaka mai aljihu barkatai, har da bututun da yake zuƙar ruwa ba tare da ya sauke ta ba. Likita ya ciko tasa da magunguna da na'urar awon jini. Alhaji ya sako farin kambas ɗin da ya saya shekaranjiya, yana ƙyalli kamar na ango. Malam kuwa, wanda ya kwana a gidana, tsohon kaftani ne a jikinsa da takalmin roba, ya naɗe wuyansa da mayafi, da sanda a hannu, da buta, da wata 'yar jakar buhu mai ɗauke da dabino da ƙuli-ƙuli. Ya dubi ƙafar Alhaji ya ce a hankali, "Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya." Alhaji ya ce, "To, Malam, kai yau madugu ne ko ɗan dako?" Muka yi dariya, har da shi.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi wani abu game da Malam, ko da yake faɗar ba ta yi mini daɗi. A makaranta shi ne ya fi mu lissafi, kuma littafinsa muke kwafa ranar Lahadi da dare. Bayan mun gama sai mahaifinsa ya rasu, ɗawainiyar gida ta hau kansa, ya tsaya a takardar shaidar malanta, mu kuma muka wuce. Duk lokacin da aka tashi yin karo-karo, na biki ko na jinya, sai wani ya ce a bar Malam, kuma a ganinmu tausayi ne muke yi. Abin da ban lura da shi ba sai a wannan tafiya shi ne, sannu a hankali wannan "a bar Malam" ta tsallaka daga kuɗi ta shiga shawara, har ya zamana ana yanke magana a gama kafin a tuna ba a ji ta bakinsa ba.

Awa biyun farko a bakin kwalta muka yi su, kuma babu abin faɗa a cikinsu sai 'yan kabu-kabu. Kusan kowane ya wuce sai ya ja birki ya tambaye mu ko lafiya, domin ganin magidanta biyar masu tumbi da furfura suna jere a gefen titi da sassafe ba ya nuna komai sai mota ta mutu ko mai ya ƙare. Wani saurayi ya bi mu a hankali da babur ɗinsa na ɗan lokaci, sannan ya tambaya wane ɗan takara muke yi wa tattaki, kuma ko akwai riga da hula da za a raba. Da Likita ya ce masa motsa jini muke yi, sai ya girgiza kai ya ce Allah ya ba mu lafiya, irin addu'ar da ake yi wa wanda ake zaton ya taɓu.

Da muka bar kwalta muka shiga burtali ne tafiyar ta nuna mana ainihin fuskarta. An gama girbi, gonaki sun zama fili fetal, sai tarin karan dawa da aka jingina a tsaye da harawar wake da aka ɗora a kan rassan itatuwa don kada dabbobi su kai gare ta. Ko'ina ka duba gawo ne ya yi kore shar, alhali sauran itatuwa sun fara zubar da ganye, domin shi gawo da damina yake tuɓewa, da rani kuma ya yi sutura, shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya tare wa gero rana, kuma abin da aka shuka a gindinsa ya fi na gefe kyau. Duk wannan na san shi tun ina yaro, amma ta tagar mota ba a ganin komai sai kore da toka-toka suna wucewa. Abin da ban sani ba shi ne yadda rairayi yake cin ƙarfin mutum. A kan kwalta wayar Dogo tana nuna muna cin kilomita 5 a awa, a cikin rairayin burtali kuwa da ƙyar muke haura 3, saboda duk takun da ka yi sai ƙafarka ta nutse ta zame baya, kamar ƙasar tana karɓar zakkar kowane taku.

Dogo ne a gaba tun daga ƙofar gari, kamar yadda ya saba tun zamanin da yake yi wa gidanmu na makaranta gudun famfalaki, mu kuma muna biye da shi ba tare da an yi shawara ba. Wajen hantsi muka iso mararraba, taswirar wayarsa ta ce a miƙe ta cikin gonaki, Malam kuma ya ce a bi burtali duk da ya zagaya, domin a gaba akwai busasshiyar ƙorama da lambuna masu shingen ƙaya, kuma rijiyar da za mu sha ruwa tana ta hannun hagu. Aka bi ra'ayin Dogo, kamar kullum. Malam bai yi musu ba, ya biyo mu a baya. Ba mu yi nisa ba muka faɗa wata saura da ƙarangiya ta cinye, kafin mu ankara safa da ƙafar wando da igiyar takalmi duk sun yi dam da ita, gabanmu kuma ga shingen ƙaya babu ƙofa. Muka tsuguna muna cirewa, kowace ka kama sai ta bar wandon ta maƙale a yatsa, ta bar maka siririyar ƙaya da ido ba ya gani amma jiki yana ji. Malam ya tsuguna kusa da ni, ya jiƙa 'yan yatsunsa da ruwan buta, ya shiga zare su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ko guda ta kama shi ba, ya ce mini jiƙaƙƙen hannu ba ta riƙe shi. Minti 40 muka ɓata kafin mu koma inda muka baro. Babu wanda ya ce komai, amma daga nan Dogo ya mayar da wayarsa aljihu, kuma da muka ɗaga sai muka ga Malam ne a gaba.

Tafiyarsa ba irin tamu ba ce. Mu muna zabura mu yi sauri, mu gaji, mu zube a inuwa, mu tashi ƙafa ta yi nauyi. Shi kuwa gajeren taku ne iri ɗaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sanda tana sauka tare da ƙafar hagu. Ya hana mu zama in hutun bai kai na sallah ba, ya ce a tsaya a tsaye a numfasa, domin ƙafar da ta huce ba ta son tashi. Ya hana mu kwankwaɗar ruwa, ya ce a riƙa kurɓa. Ya kuma riƙa miƙo dabino uku-uku a lokacin da ya ga dama, wanda daga baya na lura yana dacewa da lokacin da Alhaji ya fara yin shiru. Kilomita bakwai yake yi kullum tsakanin gida da makaranta, zuwa da dawowa, in kekensa ya yi faci, kuma kekensa ya fi yin faci a kan lafiya. Likita, wanda kullum yake karanta wa marasa lafiyarsa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, shi ne yake haki a bayana, kuma da na tuna masa da wannan ƙa'ida sai ya ce in bari sai mun zauna.

Azahar ta same mu a gindin wata tsamiya kusa da rijiyar da Malam ya ambata, inda wasu yara suke shayar da shanu. Suka ba mu guga, muka yi alwala da ruwan da sanyinsa yake ratsa haƙori. Alhaji ya kawo shawarar a yi ƙasaru tun da matafiya ne mu, aka kuwa ɗauki gardama, har Malam ya tuna mana cewa a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai buridi huɗu, wato mil 48, kafin a rage sallah, tamu kuwa ko rabin haka ba ta kai ba. Alhaji ya ce waɗanda suka auna wannan ba da ƙafarsa suka auna ba. Muka cika raka'a huɗu. Wata Bafulatana ta biyo da ƙwaryarta, muka tsayar da ita ta dama mana fura da kindirmo, kuma duk da na sha fura a gidaje masu firiji da na'urar damu, ban tuna wadda ta kai wannan ba. Watakila furar ce, watakila kuma yunwar ce.

A nan ne Alhaji ya cire kambas ɗinsa muka ga abin da yake ɓoyewa tun hantsi. Bayan dugadugansa biyu sun yi bororo, na dama ya riga ya fashe ya manne da safa, ɗan yatsan ƙafarsa kuma ya yi jawur. Likita ya daina raha nan take, domin Alhaji yana da ciwon sukari, kuma rauni a ƙafar mai wannan ciwo ba abin wasa ba ne, yana iya ƙin warkewa har ya kai inda ba a so. Ya wanke wurin, ya shafa magani, ya rufe da auduga da filasta, wanda bai fashe ba kuma ya ce kada a taɓa shi. Ya yanke hukunci cewa wannan takalmi ba zai sake komawa ƙafar ba, kuma in ciwon ya ƙaru to a kira babur. Malam ya zare takalminsa na roba, wanda ya sha tafiya har ya yi laushi, ya tura gaban Alhaji, shi kuma ya ciro silifas ɗin alwala daga jakar buhunsa ya saka. Haka Alhaji ya ci gaba da tafiya da farin kambas rataye a wuya, an ɗaure igiyoyinsa wuri ɗaya, kamar yadda muke yi muna 'yan aji ɗaya in za mu tsallaka ruwa.

Da la'asar sakaliya, muna dab da wani ƙauye, mu uku muna gaba, Malam ya rage sauri yana jan Alhaji da hira a baya, sai muka ji an daka mana tsawa daga bayan wani rumbu. Samari huɗu suka fito, biyu da gora, ɗaya da adda, ɗaya kuma da bindigar gargajiya, suka ce kowa ya sauke jakarsa ya matsa baya. Dogo ya zaro katin shaidarsa yana ambaton ofishinsu da muƙaminsa, babbansu ya karɓa ya juya shi gaba da baya, ya ce shi bai san wannan ba, abin da yake so ya sani shi ne me ya sa mutanen da ke da wannan kati suka baro titi suka ɓullo ta daji, kuma mene ne wannan bututu da ya fito daga jaka. Ni dai bakina ya bushe, kuma na gane cewa duk amsar da muke da ita, ta motsa jini da buɗe ido, ba amsa ba ce a wannan wuri. Ana cikin haka Malam ya ƙaraso. Ya yi sallama, ya gaishe su da aiki, ya tambayi lafiyar mai gari da ta liman, ya tambayi yadda gero ya yi bana, duk bai dubi inda muke ba. Kafin ya gama, mai addar ya sauke ta ya durƙusa ya ce, "Malam, ashe kai ne? Ai ka koyar da ni a aji huɗu." Cikin ɗan lokaci aka koma ban haƙuri, aka kawo mana ruwa, ɗaya daga cikinsu ma ya saɓa jakar Alhaji ya raka mu har bayan gari.

Ban ga laifin yaran nan ba a lokacin, kuma har yanzu ban gani ba. Mutanen da suke kwana da ido ɗaya a buɗe suna da haƙƙin tambayar baƙon da ya ɓullo musu ta bayan gida. Kuskuren namu ne, domin mai garin su Malam kaɗai aka sanar, alhali ya kamata a aika wa kowane mai gari da ke kan hanyar tun kafin ranar. Fataken da muke kwaikwayo ba su taɓa shiga gari ba tare da an san da zuwansu ba.

Mun shiga ƙauyen Malam ana kiran magariba. An share zaure an shimfiɗa tabarmi, an rataye fitila mai caji a jikin azara, 'ya'yansa suka zo ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa suna cewa sannunku da zuwa Baba, mai ɗakinsa kuma ta gaishe mu daga bayan ƙofa. Babbar 'yarsa ta kusa isa aure, kuma a cikinmu babu wanda ya san sunanta. Aka kawo ruwan ɗumi da gishiri muka tsoma ƙafafu, ban da Alhaji da Likita ya hana, sannan aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Bayan isha'i hira ta ɓarke, irin wadda ba mu yi ba tun muna samari: gabzar makaranta da wake mai ƙwari, siniyan da yake sa mu ɗebo masa ruwa da asuba, daren da aka kama mu biyar mun tsallaka katanga mun je kallon dambe. Dogo ya yi dariya har da hawaye, daga baya kuma, da fitila ta fara dushewa, ya faɗa mana abin da bai taɓa rubutawa a zauren waya ba game da rashin lafiyar ɗansa.

Can Alhaji ya nemi ruwa. Malam ya tashi da kansa ya shiga cikin gida, ya ɗebo a moɗa ya miƙa masa, ya tsaya har ya shanye, sannan ya ce, "Shekara 14 ke nan ina garin nan, yau ne ɗayanku ya fara shan ruwan randata." Babu fushi a muryarsa ko kaɗan. Zauren ya yi tsit, har muna jin tukar awaki a bayan danga. Alhaji ya ajiye moɗa ya ce, "Malam, ka yafe mana." Malam ya koma wurinsa ya zauna, ya ja mayafi ya rufe ƙafafunsa, ya ce, "Ban ce kun yi laifi ba, Alhaji, lissafi kawai na yi."

Washegari jiki ya yi tsami har ruku'u ya zama aiki. Muka sha koko da ɗumame, Likita ya sake duba ƙafar Alhaji ya ce za ta kai, muka je muka gaida mai gari, wanda ya saurari bayaninmu cikin haƙuri ya ce Allah ya sa a dace, muka kama hanya. Zangon na biyu ya fi gajarta, kuma ba mu yi magana da yawa a cikinsa ba.

Mun isa kafin azahar. Wanda ya zo yana zaton zai ga gini ko hasumiya irin ta Gobarau zai koma da takaici, domin abin da ke wurin tuddan ƙasa ne a tsakiyar karkara, waɗanda baƙo zai iya wucewa bai san kusheyi ba ne. Malam ya tsaya ya jingina da sandarsa ya ba mu darasin da yake ba 'yan firamare, wanda mu ma an ba mu muka manta: cewa bisa tarihin baka Durɓawa ne suka fara mulkin wannan ƙasa tun daga Kumayau, har zuwa Sanau wanda Korau ya kayar a kokawa ya karɓe sarauta, daga nan mulki ya bar gidansu. A 1907 Palmer, jami'in Turawan mulkin mallaka, ya haƙa wasu daga cikin tuddan a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1959 aka sanya wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa. A 1992 kuma wani masani daga Jamus, Dierk Lange na jami'ar Bayreuth, ya jagoranci sake haƙa wasu. An sami wuri, da duwatsun ado, da awarwaron hauren giwa, da kayan ado na zinariya, da wata tasar ƙarfe wadda aikinta na Gabas ta Tsakiya ne, kuma masana sun kai shekarun kusheyin zuwa tsakanin ƙarni na 13 da na 16. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka dawo da su Najeriya a 2014. Mu biyar haifaffun jihar nan ne, huɗu daga cikinmu sun je Makka, Dogo ya je Turai sau uku, amma in ban da Malam babu wanda ya taɓa taka wannan wuri, kuma ban ga wanda zan ɗora wa laifin haka ba in ba mu ba.

Na zauna a gindin wata kuka ina murza ƙaurina, ina tunanin wannan tasa. Ba a haƙo wuri a ƙasar Hausa, daga teku mai nisa yake zuwa, ita ma tasar sai da ta ratso Sahara kafin ta kwanta a nan, kuma duk wannan nisa a kan ƙafa aka ci shi, ta raƙumi da ta jaki da ta mutum, zango bayan zango, tare da madugun da ya san inda rijiya take. Na faɗa wa Dogo haka, na kuma tambaye shi yadda ya ga yawon shan iskar. Ya ce in ƙyale shi, ƙugunsa ba nasa ba ne.

Yaron shagon Alhaji ne ya zo ɗaukarmu da mota bayan mun yi sallah, kuma hanyar da ta ci mana yini da rabi ba ta kai mana awa ɗaya ba a komawa. Muka so mu kai Malam har ƙofar gida, ya ƙi, ya ce rairayin hanyarsu zai riƙe motar, a sauke shi a mararraba ya ƙarasa, domin gobe Litinin yana da aji da safe. Da ya sauka Alhaji ya sunkuya zai cire takalmin roba ya ba shi, sai Malam ya dafa ƙofar ya ce ya bar shi a ƙafarsa har ciwon ya warke, in ya warke ya kawo masa da kansa, kada ya aiko yaro. Muka tsaya muna kallonsa ya shiga burtali da silifas ɗinsa, buta tana lilo a hannunsa, har hazo ya rufe shi.

Ƙafar Alhaji ta warke cikin mako biyu. Takalmin yana shagonsa, a ƙarƙashin teburin da ake yankan yadi, kuma jiya da na biya na tarar ya sa an wanke shi an saka a leda, yana tambayata ko ranar Asabar ina da abin yi.